Wuyan Panela

Ranar Asabar Jairo ya shigo da kwalin, ya dire shi kan tebur kusa da farantin waken da Doña Eufemia take tsincewa. Fuskarsa cike da fara'a, irin ta wanda ya samo maganin ciwon da ya addabi gida.

"Doña Eufemia, damuwarmu ta ƙare," in ji shi. "Daga yau babu mai sake buga mana ƙofa a kan karyarki."

Wata huɗu ke nan da Marleny, matar Jairo, ta ɗauko uwarta, Doña Eufemia, daga garin Caicedonia ta kawo ta birnin Cali, bayan tsohuwar ta zame a bakin famfo ta karye a ƙugu. Ta zo da akwati ɗaya, da sandar dogarawa, da Panela, karya 'yar shekara bakwai mai launin mazarƙwaila. A can Panela tana da tsakar gida da kajin da take kora. A nan hawa na huɗu ne, ɗaki biyu da falo. Lif ya yi ƙara ta yi haushi, mai kawo saƙo ya danna ƙararrawa ta yi haushi. Sau biyu masu kula da ginin suna aiko da takardar gargaɗi.

Cikin kwalin baƙin bel ne na wuya, da wani ɗan akwati maƙale a jikinsa, daga ciki kuma ƙarafa biyu masu kama da kan ƙusa. Sai rimot ƙarami mai lambobi daga ɗaya zuwa goma sha shida.

Da la'asar mai horar da karnuka ya iso, wani Alirio, wanda ya ce a riƙa kiransa Profe, wato Malam. Ya tsuguna ya aske gashin maƙogwaron Panela, ya ɗaura mata bel ɗin, ya tsuke shi har sai da ta yi tari.

"Dole ƙarfen ya taɓa fata, in ba haka ba asarar kuɗi aka yi," in ji shi.

"Lantarki ne a ciki?" Doña Eufemia ta tambaya.

"Ɗan tsikari ne kawai, Doña. Kamar a taɓa kafaɗarki a ce ki waiwayo. Ba ya mata zafi ko kaɗan."

Ya sa Jairo ya fita ya danna ƙararrawa. Panela ta zabura ta buɗe baki, Alirio ya danna rimot. Haushin ya tsinke a tsakiya ya koma wani siririn kuka. Karyar ta daka tsalle ta juya tana neman wanda ya cije ta, ta leƙa ƙarƙashin kujera, ta leƙa bayan labule, ba ta ga kowa ba. Sai ta dawo ta dubi Doña Eufemia.

"Kin gani? Ta fara ɗaukar karatu," in ji Alirio. "Mako biyu kawai, in an bi ƙa'ida."

Jairo a gida yake aiki, yana sayar da inshorar motoci ta waya. Rimot ɗin ya samu mazauni a aljihun rigarsa, tare da biro. A makon farko haushi kaɗai yake danna wa. A na biyu ya gano abin yana da sauran amfani. Panela ta ɗora ƙafa kan kujera, ya danna. Ta bi tsohuwar kicin tana shinshina, ya danna. Ta ruga ƙofa tana kaɗa wutsiya don ta ji takun Marleny a matattakala, ya danna, wai faratanta suna karce tayil yana kan waya da babban mai ciniki. Wani lokaci ko ɗaga kai ba ya yi daga kwamfutarsa. Hannu kawai zai kai aljihu, daga kicin Doña Eufemia ta ji wannan siririn kukan.

"Me ta yi yanzu kuma?"

"Tana shirin yi ne. Na ga kunnuwanta sun miƙe."

"Ɗan nan, kunne ne fa. Kai ma naka a miƙe suke."

"Profe ya ce a riƙa tare abin tun bai fito ba. Ke kika ɓata ta, Doña Eufemia, shekara bakwai ba wanda ya taɓa ce mata a'a."

Lambar da aka fara da ita huɗu ce. Da Panela ta fara dannewa tana gurnani ƙasa-ƙasa, Jairo ya kira Alirio, ya ce masa ta saba, a ƙara. Aka koma bakwai, aka koma goma.

Panela ta daina zuwa falo. Ta samu wani lungu bayan injin wanki, inda bokiti da tsintsiya suke, ta cusa kanta ciki. Da safe in Doña Eufemia ta gutsuro mata arepa, gurasar masara, sai ta dubi gurasar, ta dubi ƙofa, ta kawar da kai. Wata Laraba wayar Jairo ta yi ƙara tana tsakiyar shan ruwa, sai fitsari ya kuɓuce mata nan take. Jairo ya fito ya ga tayil a jiƙe, ya danna, ya riƙe yatsansa a kai. Karyar ta yi ta birgima cikin fitsarinta tana buga kai da ƙafar tebur.

Doña Eufemia ta jefar da sandarta ta durƙusa, ƙugunta yana sara, ta kwance bel ɗin ta wurga shi kan kujera.

"Ba za ka kashe min ita ina kallo ba."

Jairo bai ɗaga murya ba. Ba mai ɗaga murya ba ne, shi ya sa maƙwabta suke yabonsa. Washegari ya sayo ɗan ƙaramin kwaɗo, irin na akwatin tafiya, ya mayar da bel ɗin ya kulle, ya sa makullin cikin makullan motarsa.

"Don amfaninta ne," in ji shi. "In ana sawa ana cirewa, rikita ta ake yi."

Marleny a kantin magani take aiki, tun bakwai na safe a tsaye har shida na yamma. Uwar ta jira ta cire takalmi, ta zuba mata kofi, sannan ta faɗa mata komai. Marleny ta saurara idonta a rufe, tana murza tafin ƙafarta.

"Mama, me kike so in yi? In suka sake rubuto takarda korarmu za su yi. Kin san wuyar samun gida a unguwar nan?"

"Ki ce wa mijinki ya ba ni makullin."

"Shi fa ya yarda kika zo da ita. Wani mijin da tun a ƙofa zai ce ba da kare ba. Ki bar shi ya ji cewa shi ma da ta cewarsa a gidansa."

"Kin dube ta kuwa? Haƙarƙarinta sun fito."

"Mama, kare ne. Zai wuce. Ni don Allah kaina ciwo yake."

A mako na biyar wari ya fara tashi daga bayan injin wanki. Doña Eufemia ta jawo Panela, ta zura yatsa ƙarƙashin bel ɗin, yatsan ya fito da ruwa-ruwa mai launin ƙasa. Ta jira Jairo ya shiga wanka, ta sa wa karyar igiya, suka sauka. Asibitin dabbobi layi uku ne daga ginin, amma da sanda da karyar da take maƙalewa jikin bango duk sanda babur ya wuce, sai da suka yi kusan awa guda.

Likitar, wata Dakta Yamile, ta ɗaga bel ɗin iya yadda kwaɗon ya bari, ta haska da 'yar fitila.

"Kwana nawa wannan abin bai bar wuyanta ba?"

"Ashirin da ɗaya."

"Ƙarafan sun huda fata wuri biyu, sun yi ruwa. Ciwon zai warke in an cire. Tsoron ne ban san ranar warkewarsa ba. Doña, ki bari in yanke shi yanzu."

Doña Eufemia ta tuna gidan da za ta koma, da fuskar 'yarta, da ƙugun da bai gama haɗewa ba. Ta ce a bari tukuna, za ta fara yi wa mai gidan magana. Likitar ta wanke ciwon iya inda hannunta ya kai, ta ba ta magani da takarda. A hanyar dawowa tsohuwar ba ta iya haɗa ido da karyar ba.

Jairo ya karanta takardar a tsaye, ya ninke ta.

"Likitocin dabbobi ai sai sun samo ciwo, da shi suke ci. Profe ya ce ɗan ƙaiƙayi ne, gumi ke kawo shi." Ya sunkuya ya miƙa hannu zai duba da kansa. Panela, wadda yaran Caicedonia suke jan wutsiyarta ba ta taɓa cizon kowa ba, ta kafta masa haƙori a gefen hannu. Ciwon bai kai a ɗinke ba, amma jini ya fito.

Jairo ya naɗe hannun da tawul, ya mayar da rimot lamba goma sha huɗu, ya danna sau uku a jere. Sannan ya ce, cikin wannan sanyayyar muryar tasa, "Yanzu kin ga abin da nake faɗa. Tana da mugun jini. Ranar Litinin Profe zai zo ya tafi da ita gonarsa. In ta gyaru a dawo da ita. In ba ta gyaru ba, shi ya san yadda ake yi."

Ranar Lahadi iyayen Jairo suka zo cin abincin rana bayan an taso daga coci. Doña Eufemia ta dafa miyar sancocho ta kaza da rogo da ayaba, ta yanka avocado, ta dafa shinkafa. Baban Jairo, Don Efraín, tsohon mai gyaran lantarki ne, mai babbar murya da kaurin yatsu. Ya ja kujera yana waige-waige.

"Ina karyar nan mai bakin tsiya? Rannan tun daga bakin titi take sanar da zuwana."

"Na gyara ta, Baba," in ji Jairo. "Kuɗi ya yi aiki. Kun ji ko motsinta? Yanzu har maƙwabta gaishe ni suke a lif."

Doña Eufemia ta ajiye ludayi. Ta shiga kicin ta ɗauki almakashin da take yanka kaza da shi, ta durƙusa bayan injin wanki. Panela ta fara rawar jiki. Tsohuwar ta riƙa yi mata magana a hankali, ta zura almakashin ta bayan wuya, ta danna da hannu biyu har bel ɗin ya rabu. Ƙarafan suka fito da gashi da jini a jikinsu.

Ta dawo falo tana dogara sanda. A gaban kowa ta zagaya bel ɗin a nata wuyan, ta riƙe bakinsa biyu ta baya da hannu ɗaya, ƙarafan suna dannan maƙogwaronta.

"Jairo, fito da abin nan daga aljihunka ka danna."

Cokalin Marleny ya faɗi cikin kwano. "Mama! Me kike yi haka?"

"Tsikari ne kawai. Kamar a taɓa kafaɗata. Danna, ɗan nan, kada miya ta huce."

"Doña Eufemia, wannan ai hauka ne. Kina da hawan jini, kina so a ce na kashe ki?"

"Au, yana kisa ne? Ai cewa Profe ɗinka ya yi ko zafi ba ya yi. Ni kilo sittin ce, ita ko sha biyar ba ta kai ba. In ni zai kayar da ni, ita me yake mata tun wata guda?"

Uwar Jairo ta yi alamar gicciye ta ce a ji tsoron Allah, ana kan abinci. Don Efraín kuwa ya goge bakinsa ya miƙa hannu.

"Miƙo shi nan, Doña. Shekara talatin da biyu wuta tana ja na, ni zan gaya muku gaskiyarsa. Kai, ba ni rimot ɗin."

"Baba, ba wasa ba ne."

"Na ce ka ba ni."

Ya naɗe hannun rigarsa, ya danna ƙarafan a cikin damtsensa, ya dubi lambar da ke jikin rimot ɗin, ya danna. Hannun ya fizge ya bugi kofin ruwan 'ya'yan itacen lulo, kofin ya tarwatse a ƙasa. Tsohon ya saki wata ashar da matarsa ta ce rabonta da jin irinta tun suna saurayi da budurwa. Ya yi ta yarfe hannu yana duban ɗansa.

"Wannan kake sa wa dabba a maƙogwaro? Sau nawa a rana?"

"Fatar kare daban ce, Baba. Profe ya ce..."

"Profe ɗin uban wa? A wace makaranta ya koyar?"

Doña Eufemia ta koma kicin ta jawo Panela da igiya. Karyar ta fito da jan ciki, wutsiya a matse. Tsohuwar ta ɗaga haɓarta ta juya wuyan wajen hasken taga. Ramuka biyu ne jajaye, gefensu ya kumbura. Uwar Jairo ta ture kwanonta. Marleny ta sunkuyar da kai.

Kunnuwan Jairo suka yi ja. "To, an gama wasan kwaikwayon? Ni na buɗe ƙofata na karɓi mutum da karensa, ni ake kawo wa takarda, ni aka ciza, yau kuma ni ne mugu a gaban iyayena. Nan gidana ne. Gobe Profe zai zo, magana ta ƙare."

"Gidanka ne, ban musa ba," in ji Doña Eufemia. "Na ci abincinka wata biyar, na gode. Amma ita ba taka ba ce."

Ta karɓi bel ɗin da rimot daga hannun Don Efraín, ta kai su kicin ta ɗora kan katakon yanka. Ta ɗauko dutsen da take daka ayaba da shi. Daga falo suna jin dukan, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da ta gama ta tattara ɓaraguzan cikin faranti ta kawo ta ajiye a gaban Jairo, gefen kwanon miyarsa.

"In Profe ya zo gobe, ka ba shi wannan ya kai gonar."

Haɗa akwatinta bai ɗauke ta minti ashirin ba. Ƙanwarta Rosalba tana da ɗaki a bayan gidanta a Caicedonia, rufinsa yana yoyo ta gefe ɗaya, banɗaki kuma sai an tsallaka tsakar gida. Don Efraín ya ce shi zai kai ta tasha. Marleny ta biyo su da silifas ɗin gida, ta shiga bayan motar ba tare da an gayyace ta ba.

A tasha direban bas ya ce kare ba ya shiga sai da takunkumi a baki. Doña Eufemia ta ɗaga masa haɓar Panela ta ce ya nuna mata inda za a ɗaura igiyar takunkumin. Direban ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce su zauna kujerar ƙarshe, amma ta sayi tikiti biyu. Don Efraín ya tafi sayowa.

Marleny ta riƙe hannun akwatin ta ƙi saki.

"Mama, ƙugunki bai warke ba. Wa zai duba ki? Ki bar ta wurin Inna Rosalba ki dawo."

"In dawo in yi me? In zauna ina jiran ranar da nawa motsin zai dame shi yana kan waya?"

"Ba zai taɓa yi miki haka ba."

"Ita ma haka na zata."

Marleny ta fashe da kuka. Ta tsuguna ta miƙa wa Panela hannu, karyar ta ja da baya ta shige bayan siket ɗin tsohuwar.

"Mama, ni ma na danna," in ji ta. "Rannan na dawo a gajiye, ta taho da gudu za ta hau ni, rimot ɗin yana kan tebur. Sau biyu ne. Ko uku."

"Na sani. Ina bakin ƙofar kicin."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Don ni ma ina tsoron ɗakin Rosalba mai yoyo. Likita ta ɗauko almakashi, ni na ce ta bari, karyar nan ta ƙara kwana uku da ƙarfe a cikin namanta. Kowa a gidan nan yana da dalilinsa, 'yar nan. Mijinki yana da maƙwabta, ke kina da gajiya, ni ina da ƙugu, Profe yana da cikinsa da zai ciyar. Ita kaɗai ce ba a bari ta faɗi nata ba." Ta zare hannun 'yarta daga akwatin. "Ki zo Kirsimeti in kin samu hutu. Ke kaɗai."

Direba ya yi hon. Panela ta firgita ta manne da ƙasa, ta ƙi taka matattakalar bas. Don Efraín ya sunkuya zai ɗauke ta, Doña Eufemia ta ce ya bari. Ta miƙa masa sandarta, ta sa hannu biyu ta rungumo karyar da kanta, haƙoranta a cije, ta hau da ita taki ɗaya, ta huta, ta ƙara ɗaya. Wani fasinja daga gaba ya ce tsohuwa a yi sauri, ana jira.

"Ka jira," in ji ta. "Wata guda ta yi tana jira na."